TLA+ da TLC: kayan aikin kyauta masu tono kuskure tun ba a rubuta kod ba

TLA+ ba a sayar da shi. Ka sauke fayil guda mai suna tla2tools.jar, ka tabbatar akwai Java a kwamfutarka, shi ke nan ka mallaki abin da injiniyoyin Amazon da Microsoft da Intel suka yi amfani da shi wajen bincika tsare-tsarensu. Babu rajista, babu biyan dala duk wata, kuma da zarar ya sauka ba ya ƙara cin datarka. Kuɗinsa a wani wuri ake biya. Kanka ne zai biya, kuma a makonnin farko zai biya da tsada. Ni sana'ata rubuta manhajojin da kuɗi ke bi ta cikinsu, asusun masu POS da makamantansu, don haka da wannan idon zan dube shi.

Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa a suna ɗaya. TLA+ harshe ne na siffanta tsari da lissafi da ilimin manɗiƙi. Leslie Lamport ne ya ƙirƙire shi, mutumin da ya yi LaTeX, manhajar tsara rubutun kimiyya, da Paxos, hanyar da kwamfutoci da yawa ke cimma matsaya ɗaya, wanda aka ba lambar yabo ta Turing ta shekarar 2013. TLC kuwa manhaja ce da Yuan Yu ya rubuta a wajajen 1999, aikinta ta karɓi abin da ka siffanta ta bi duk hanyar da tsarin zai iya bi, ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda zai karya sharaɗin da ka kafa. Aikinta na farko ma ba a kan manhaja ba ne, a kan na'ura ne: yadda firosesoci da yawa a kwamfuta guda, a kamfanin Compaq, za su yi tarayya a ma'adanar bayanai ba tare da ɗaya ya karanta tsohon abu ba. Tushen abin ya girmi haka. Amir Pnueli ne ya shigo da manɗiƙin lokaci cikin ilimin kwamfuta a 1977, wato hanyar faɗin "kullum" da "wata rana dole" da alamomin lissafi, Lamport ya ɗora nasa ginin a kai.

Yadda ake rubuta TLA+ ya saɓa wa duk abin da mai rubuta manhaja ya saba. Ba umarni kake bayarwa ba. Abu biyu kake faɗa: yadda tsarin yake a farko, da kuma dangantakar da ke tsakanin halin da yake ciki yanzu da halin da zai iya shiga a mataki na gaba. Ga mafi ƙanƙantar misali:

Init == kudi = 0
Next == kudi' = kudi + 100

Wannan ɗan karan da ke saman kudi' yana nufin ƙimar kuɗin a mataki na gaba. Layi na biyun ba cewa yake "ƙara ɗari" ba, cewa yake "mataki ya halatta idan sabon kuɗi ya yi daidai da tsohon kuɗi da ɗari a kai". Bambancin kamar wasa, amma a kansa komai ya rataya, domin da "ko" guda ɗaya za ka iya cewa mataki na gaba wannan ne, ko wancan, ko kuma saba, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana aiwatarwa, ta mutu, ko saƙo ya ɓace a hanya, kuma TLC za ta gwada kowanne. Wanda ya taɓa zama gaban malami ya karanci manɗiƙi a zaure ba zai ji baƙunta sosai ba: "da", "ko", "idan kaza to kaza", "ga kowane", "akwai wani". Sauran kuwa lissafin rukuni ne irin na sakandare. Ba a buƙatar digiri a lissafi, amma ana buƙatar haƙuri.

Bari in kawo aikin da na gwada shi a kai, domin a nan ne na ga amfaninsa da idona. Kowa ya san kukan nan na "an cire kuɗina ba su shiga ba", da ɗan'uwansa da ba a cika yin kukansa a fili ba, wato kuɗi su shiga sau biyu. Ga yadda abin yake daga ciki. Abokin ciniki ya tura kuɗi, kamfanin da ke tsakani ya aiko wa sabarmu saƙo cewa kuɗi sun iso, da lambar shaida. Idan bai ji amsarmu da wuri ba, sai ya sake aiko saƙon. Tsarin da kusan kowa ke fara yi mataki uku ne: duba ko an taɓa ganin wannan lamba, idan ba a gani ba ka ƙara kuɗi a asusu, sannan ka rubuta lambar a rumbun bayanai. Na siffanta wannan da saba biyu masu aiki lokaci guda, na kafa sharaɗi ɗaya: lamba guda ba za ta ƙara kuɗi fiye da sau ɗaya ba.

Ban gama gyara zama ba TLC ta dawo da jan rubutu. Saba ta farko ta duba, ba ta ga lamba ba. Kafin ta motsa, ta biyu ta karɓi saƙon da aka maimaita, ita ma ta duba ba ta gani ba. Ta farko ta ƙara kuɗi. Ta biyu ta ƙara kuɗi. An gama. Kuma ba cewa kawai take yi "akwai matsala" ba, tana jero maka matakan ɗaya bayan ɗaya, da ƙimar kowace ma'ajiya (irin kudi a misalin sama) a kowane mataki, tana nuna wadda ta canza. Da yake tana fara bin gajerun hanyoyi kafin dogaye, labarin da take kawo maka shi ne mafi gajarta. Wannan shi ne abin da na fi so a duk kayan. Za ka iya ɗaukar jerin nan ka ajiye gaban abokin aiki da bai taɓa jin sunan Lamport ba, ya karanta ya ce tabbas haka na iya faruwa. Gardama ta ƙare.

Wani zai ce ai wannan kowane gogaggen injiniya ya san shi. Gaskiya ne. Abin da ya biyo baya ne ya fi daɗi. Gyaran da ke fara zuwa ran mutum shi ne a juya matakan: a rubuta lambar tukuna, ta yadda rumbun bayanai zai ƙi karɓar ta sau biyu, sannan a ƙara kuɗi. Na gwada, TLC ta ce lafiya lau. Sai na ƙara layi guda da ke cewa saba na iya mutuwa a kowane lokaci, abin da duk wanda ya taɓa zama da janareto ya san ba tatsuniya ba ne. Nan ma ta ce lafiya lau. Amma tsarin ba lafiya yake ba. Idan saba ta rubuta lambar ta mutu kafin ta ƙara kuɗi, saƙon da aka maimaita zai iso, a duba a ga lamba tana nan, a yi watsi da shi. Kuɗin bawan Allah sun maƙale har abada, kuma sharaɗina bai karye ba, tunda abin da bai shiga ko sau ɗaya ba bai shiga sau biyu ba.

A nan ne mutum ke koyon cewa sharuɗɗa iri biyu ne. Akwai na "mugun abu ba zai taɓa faruwa ba", akwai na "abin kirki dole ya faru komai daɗewa". Na farko ana rubuta shi da ɗan akwati [], na biyu da <>. Tsarin da ya zauna bai yi komai ba ya cika duk sharuɗɗan farko. Da na rubuta na biyun, cewa duk kuɗin da aka sanar da isowarsu ƙarshe sai sun shiga asusu, sai TLC ta zaro hanyar maƙalewar nan ta shimfiɗa. Maganin a wannan ɗan misalin shi ne a haɗa rubuta lamba da ƙara kuɗi su zama aiki guda a rumbun bayanai, ko su faru tare ko su fasa tare. Idan kuma asusun yana hannun wani tsari daban da ba naka ba, wannan maganin ba zai yiwu ba, sai ka shiga harkar "ana jira" da "an tura ba a ji amsa ba" da sake tambaya, kuma a nan ne TLA+ ke fara cin kuɗinsa da gaske, domin hanyoyin sun fi ƙarfin a riƙe su a ka.

Ga lissafin da ya sa na ce sun fi ƙarfin kai. Saba biyu, kowacce da mataki uku, hanyoyin da matakansu za su iya cuɗanya 20 ne. Saba uku, 1,680. Huɗu, 369,600. Biyar, sun haura miliyan 168. Gwajin da muke rubutawa yau da kullum yana bin hanyar da ta zo mana a rai, ko wadda kwamfuta ta ga damar bi a ranar. Wadda za ta cinye kuɗin wani tana can cikin sauran, tana jiran ranar da netwok ya yi nauyi, ranar jajibirin salla misali. Injiniyoyin Amazon sun ba da labarin irin haka a 2015 a mujallar Communications of the ACM: TLC ta gano musu wani kuskure a DynamoDB, wani rumbun bayanansu, da zai iya jawo asarar bayanai, wanda sai an bi matakai 35 a jere yake bayyana, kuma ya tsallake bitar tsari da bitar kod da gwaje-gwaje duka. Babu taron bita da zai hango mataki 35.

To, yabo ya isa haka. Kayan suna da ciwon kai, kuma ba kaɗan ba.

Na farko shi ne ɗakin aikin. Akwai tsohuwar manhaja da ake kira Toolbox, wadda aka gina a kan manhajar rubuta kod ta Eclipse. Tana aiki, amma nauyi gare ta, kuma tana ɓoye saitinka cikin manyan fayilolin da ita ta ƙirƙira, abin da ke sa ajiye aiki a Git, manhajar adana tarihin canje-canjen kod, ya zama fitina. Shawarata ka tsallake ta, ka sa ƙarin TLA+ na manhajar rubuta kod ta VS Code, inda abin da ka siffanta yana fayil ɗaya, saitinsa yana wani ɗan fayil mai ƙarewa da .cfg, kana ganin komai da idonka. Matsalar kawai ita ce yawancin tsofaffin darussa, har da bidiyoyin Lamport kansa, da Toolbox aka yi su, sai ka riƙa neman inda kowane maɓalli ya koma.

Na biyu, saƙonnin kuskure. Idan tsarinka ne ya karye, bayanin TLC gwanin kyau. Idan kuwa rubutunka ne ke da tuntuɓe, Allah ya ba ka sa'a. Harshen bai san nau'in abu ba, wato ba ya hana ka haɗa lamba da rubutu tun farko, sai a tsakiyar bincike ya tsaya ya zubo maka dogon bayani mai ƙamshin Java. Shi ya sa al'adar masu amfani da shi ita ce rubuta wani sharaɗi da suke kira TypeOK, inda kake faɗin irin abin da kowace ma'ajiya za ta iya ɗauka. Ka rubuta shi tun ranar farko. Sannan kowane mataki dole ya faɗi makomar kowace ma'ajiya, har wadda bai taɓa ba, sai ka ce UNCHANGED kaza da kaza, wato ba su canza ba. Ka ƙara ma'ajiya guda, sai ka bi duk matakan kana gyarawa. Akwai = da == kuma ma'anarsu daban. Jerin alamomin /\ da \/, wato "da" da "ko", kuwa yana la'akari da yadda ka daidaita su a layi, tazara guda na iya canza ma'ana ba tare da wani ya yi maka tari ba.

Saboda irin wannan ne Lamport ya yi PlusCal, wani harshe mai kama da kod na yau da kullum wanda ake juya shi zuwa TLA+. Da yawa da shi suke farawa, kuma littafin Hillel Wayne na 2018, Practical TLA+, ta nan ya bi. Ra'ayina a kansa rabi da rabi ne. Ga aiki irin nawa na saba biyu masu bin matakai a jere, ya fi saurin rubutu, kuma shi ke kula da UNCHANGED. Amma sharuɗɗanka dole da TLA+ tsantsa za ka rubuta su, kuma kuskure idan ya fito a kan abin da aka juya yake nuni, don haka ba ka tsira daga koyon asalin ba. Ga kuma tarko: a PlusCal, lakabin da ka sa wa layi shi ke yanke inda mataki ɗaya ya ƙare wani ya fara. Ka haɗa "duba" da "ƙara kuɗi" ƙarƙashin lakabi guda, ka gaya wa TLC cewa ba abin da zai iya shiga tsakaninsu ke nan, ita kuma za ta yarda da kai, ta ce tsarinka ba aibi.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi kowanne haɗari, wato "lafiya lau" ta ƙarya. TLC abin da ka gaya mata take bincikawa. Idan ka manta ka ce saƙo na iya zuwa sau biyu, ba za ta ƙirƙiro maka ba. Idan ka tsaurara wani mataki har ya zama ba zai taɓa faruwa ba, duk sharaɗin da ya dogara da shi zai wuce sumul. Abin da nake yi yanzu, duk lokacin da ta ce babu kuskure, sai in lalata tsarin da gangan, in cire kariyar da na san ita ke riƙe da shi, in ga ko za ta yi ihu. In ta yi shiru, siffantawar ce ke da matsala. Tana kuma da wani rahoto da ke nuna sau nawa aka bi kowane mataki. Ka ga sifili a gaban wani, ka tsaya.

Sai batun girma. Ɗan misalin layi biyu da na kawo a sama, in ka ba TLC shi yadda yake, ba za ta gama ba har abada, domin kuɗi na ta ƙaruwa ba iyaka. Dole ka yanka mata: asusu biyu, saba biyu ko uku, saƙo kada a maimaita shi fiye da sau kaza. Ka ƙara ɗaya a kowanne, binciken daƙiƙa biyar ya koma na awanni, fankar kwamfuta ta tashi kamar za ta fire, batir ya tsiyaye, halayen da take tarawa su cika maka faifai. In wuta ba ta tsaya maka ba, ka yi lissafin wannan. Akwai dabaru, kamar gaya mata cewa sabobin nan duk ɗaya suke ba sai ta bambanta su ba, sai dai wannan dabarar ba a amince da ita ba idan ana binciken sharuɗɗan "dole ya faru". Su ma waɗannan sharuɗɗan suna da nasu wuya: sai ka koyi faɗa wa TLC cewa matakin da ya samu damar faruwa ba zai yi ta zama ba ya faruwa ba, in ba haka ba za ta kawo maka "kuskuren" da bai wuce cewa kowa ya naɗe hannu ya zauna ba. A nan na fi daɗewa ina kai da komo. Abin da ke kwantar da rai shi ne yawancin kura-kuran cuɗanya da saba biyu ko uku suke bayyana. Amma a sani, wucewa a ƙaramin girma ba hujja ba ce ta lissafi cewa zai wuce a kowane girma. Mai son hujja akwai TLAPS, inda kai za ka rubuta hujjar ita ta tantance, kuma wannan wata sana'a ce daban. Akwai kuma Apalache, wadda maimakon bin halaye ɗaya-ɗaya take miƙa tambayar ga Z3, wata manhajar warware tambayoyin manɗiƙi, tana taimakawa idan lambobi ne suka yi yawa.

Abu guda da ya kamata a faɗa da babbar murya, musamman ga shugabannin da ke jin sunan abu su ce a kawo: TLA+ ba ya duba kod ɗinka. Ko layi ɗaya. Zanen gida ne, ba gidan ba. Zane na iya fita daidai magini ya rage siminti. Bayan TLC ta wanke tsarinka, kai ne za ka zauna ka rubuta shi da Java ko Go ko PHP, kuma duk kuskuren da ka shigar a wannan tsakanin naka ne. Gwajin da ka saba yi yana nan daram. Akwai hanyoyin da suka fi kusantar kod, kamar hanyar B ta Jean-Raymond Abrial da aka yi amfani da ita wajen manhajar jirgin ƙasa marar direba na layi na 14 a Faris, babban birnin Faransa, wanda aka buɗe a 1998, amma wannan aikin manyan kamfanoni ne masu kuɗi da lokaci. TLA+ ya zaɓi ya tsaya a matakin tunani, kuma ni a ganina daidai ya yi, domin kuskuren da ke cikin tunani shi ne wanda ba ya gyaruwa da faci.

Ban da haka, sau da yawa rabin amfanin kafin a kunna TLC ake samunsa. Da ka zo rubuta sharaɗi, dole ka amsa tambayoyin da takardar bayani ta Turanci ke tsallakewa cikin ladabi. Me ake nufi da "kuɗi sun shiga"? Lokacin da aka rubuta a rumbu, ko lokacin da aka amsa wa mai aikowa, ko lokacin da alat ya isa wayar mutum? In an soke ciniki alhali saƙon tabbatarwa yana hanya, wa ya yi nasara? A taro kowa na gyaɗa kai, kowa da abin da ya fahimta. Lissafi ba ya karɓar gyaɗa kai.

Wa zan ce ya ɗauka? Wanda tsarinsa ke da sassa masu aiki lokaci guda, kuma kuskure a ciki na nufin asarar kuɗi ko bayanai: biyan kuɗi, layin saƙonni, kwafin rumbun bayanai a wurare biyu, manhajar waya da ke aiki ba netwok sannan ta daidaita daga baya. Wanda ke gina shafin makaranta ko kantin intanet mai sauƙi, ya bar shi, ɓata lokaci ne. Wanda damuwarsa dangantakar bayanai ce, kamar wa ke da izinin ganin me, ya leƙa Alloy na Daniel Jackson na jami'ar MIT, ya fi sauƙin shiga kuma yana zana maka hoto.

Game da koyo, littafin Lamport, Specifying Systems, na 2002, yana nan kyauta a shafinsa, kuma babukan farko sun ishi mai aiki, shi da kansa haka ya nuna. Shafin learntla.com ma kyauta ne kuma ya fi kusa da yaren masu kod. Injiniyoyin Amazon sun ce mutanensu kan fara samun amfani cikin mako biyu zuwa uku. Na yarda da su a kan sharuɗɗan "ba zai taɓa faruwa ba", amma na "dole ya faru" ka ƙara musu lokaci. Tun 2023 kula da kayan ya koma hannun wata gidauniya a ƙarƙashin Linux Foundation, don haka ba su rataya a wuyan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ba. Kada ka fara da Paxos ko takwararta Raft, duk da cewa siffantawarsu na nan a buɗe ga mai son karantawa. Ka ɗauki wani ɗan yanki na aikinka da ya taɓa hana ka barci, ka siffanta shi a shafi ɗaya da saba biyu da asusu ɗaya, ka ba saba izinin mutuwa a kowane mataki, sannan ka kunna TLC.